Tallan intanet ga mai ƙaramar sana'a: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi su ne suka fi fitowa daga bakin masu ƙananan sana'o'i, tun daga wanda bai taɓa biyan kuɗin talla ba har wanda ya sha biya bai ga ciniki ba. Ma'aunin da muka bi a duk amsoshin ɗaya ne: nawa ka kashe kafin mutum ɗaya ya saya, kuma ribar nawa ka samu a kansa. Sunayen maɓallai a manhajoji sukan canza, amma tsarin aikin bai cika canzawa ba.

Ina so in fara tallata kayana a intanet. Ta ina zan fara?

Da biro da takarda, kafin ka taɓa waya. Duba mutum ashirin na ƙarshe da suka sayi kayanka: maza ne ko mata, shekarunsu, nisan da ke tsakaninku, da abin da suka tambaya kafin su biya. Irinsu tallanka zai nema. Sannan ka ware kaya ɗaya da ya fi fita kuma ribarsa ta fi kauri, ka fara da shi kaɗai. Tallan da ya kwaso kaya goma sha biyu a lokaci guda ba ya barin komai a zuciyar mai kallo.

Abu na uku shi ne wanda aka fi tsallakewa. Idan mutum ya gani ya yi sha'awa, me kake so ya yi nan take? Ya shigo WhatsApp, ya kira, ko ya zo shago? Zaɓi hanya ɗaya, ka gwada ta da wayar wani, ka tabbata tana aiki tun daga dannawa har zuwa biyan kuɗi. Lambar da ba ta shiga da mahaɗin da ba ya buɗewa sun cinye kuɗin talla mai yawa ba tare da masu shi sun sani ba.

Dole ne sai na buɗe shafi a Facebook, Instagram, TikTok da sauransu duka?

A'a. Biyu da kake kula da su kullum sun fi biyar da ka yi watsi da su. Shafin da rabonsa da sabon abu ya kai wata huɗu yana sa mai dubawa ya ɗauka an daina sana'ar.

Dandalin iri biyu ne. Akwai inda mutum yake zuwa da buƙatarsa a hannu, wato Google da taswirarsa. Wanda famfonsa ya fashe ko gilashin wayarsa ya tsage ba ya jiran talla ya same shi, rubutawa yake yi ya nemi mai gyara mafi kusa. Akwai kuma inda mutum yake jan allo don hutu, irin su Facebook, Instagram da TikTok, inda kai ne za ka tayar masa da sha'awa. Can kayan da ido ke so suka fi tafiya: tufafi, takalma, jaka, kayan ɗaki. WhatsApp kuwa wurin ƙulla ciniki ne da riƙe tsofaffin kwastomomi. Ga yawancin ƙananan sana'o'i, ɗaya daga cikin rukuni biyun nan haɗe da WhatsApp ya isa.

Mene ne amfanin WhatsApp Business, alhali ina ciniki da WhatsApp ɗina na kullum?

Manhaja ce daban, kyauta, da aka fitar a 2018 don masu sana'a. Ya fi kyau ka ba ta layinta na kanta, don kada saƙon kwastoma ya nutse cikin hirar dangi da abokai. Bayan ka cika suna, adireshi da lokutan aiki, ga abubuwan da za su rage maka wahala.

Katalog yana ɗaukar kaya har 500, kowanne da hotonsa, farashinsa da bayaninsa, kuma kana iya tura kaya ɗaya kai tsaye cikin hira, ba sai ka shiga tonon hotuna a waya ba. Amsoshin gaggawa kuma suna ba ka damar ajiye abin da kake maimaitawa kullum, kamar yadda ake biya, kwanakin da aike ke ɗauka da sharaɗin canza kaya. Idan ka rubuta alamar / a wurin saƙo sai su fito ka zaɓa. Akwai alamomi masu launi da ake liƙa wa hira. Yi guda biyar: sabon mai tambaya, ya yi oda bai biya ba, ya biya, an aika, ya karɓa. Kowace yamma ka buɗe na biyun ka bi su ɗaya bayan ɗaya, domin a nan ciniki ya fi zubewa. Saƙon maraba yana tafiya da kansa ga wanda ya tuntuɓe ka karon farko ko bayan kwana 14 ba ku yi magana ba. Kada ka cika shi da dogon bayani. Gaisuwa, da tambayar wane kaya yake so, sun isa.

Ka kuma haɗa mahaɗinka na wa.me, wanda idan aka danna shi yake buɗe hira da kai a WhatsApp: bayan wa.me/ sai lambar ƙasa da lambar wayarka a haɗe, babu alamar +, babu sifilin farko, babu tazara. Barin sifilin nan shi ne kuskuren da ya fi hana mahaɗin buɗewa.

Ina tura saƙo ga mutane da yawa amma ba sa gani. Wani lokaci ma a rufe mini layi. Me ya sa?

Jerin aika saƙon bai-ɗaya yana ɗaukar mutum 256, kuma saƙon yana isa ne kawai ga wanda ya ajiye lambarka a wayarsa. Status ma haka, sai wanda kuka ajiye lambar juna yake gani, kuma yana gushewa bayan awa 24. Don haka duk wanda ya saya, ka roƙe shi ya ajiye lambarka a lokacin da yake cikin farin cikin karɓar kayansa.

Rufe layi kuwa yakan biyo bayan abu uku: tura saƙo ga tarin lambobin da ba su san ka ba har da yawansu su toshe ka ko su kai ƙara, zuba mutane a rukuni ba da izininsu ba, da amfani da manhajojin jabu irin su GB WhatsApp ko na'urorin watsa saƙo. Kada ka sayi jerin lambobi. Ban da haɗarin rasa layin da duk cinikinka ke kansa, ƙasashe da yawa suna da dokar kare bayanan mutane da ta hana hakan. A Status, abu uku zuwa biyar a rana sun fi arba'in. Wanda ya ga layin ɗige-ɗige ya cika saman allo, wucewa zai yi.

Mabiyana sun yi yawa amma ciniki babu. In ƙara sayen wasu?

Kada ka saya ko ɗaya. Dandalin ba ya nuna abin da ka ɗora ga dukan mabiyanka. Yakan fara da wasu, idan sun tsaya sun kalla, sun yi sharhi ko sun tura wa wasu, sai ya faɗaɗa. Mabiyan da aka saya asusun bogi ne da ba sa yin ko ɗaya daga cikin wannan, don haka suna rage isar da kake samu ga mutanen gaske. Wanda kuma ya tara mabiya da barkwanci ko rabon kyauta ya tara masu son barkwanci da kyauta ne. Mabiya ɗari biyar da ke garin da kake iya kai kaya sun fi dubu ashirin da ke warwatse a duniya.

Ba ni da kyamara mai tsada. Yaya zan ɗauki hoto da bidiyon da za su sayar?

Wayarka ta isa. Goge gilashin kyamarar da ƙyalle mai laushi, domin maiƙon yatsa ne yake sa hoto ya yi hazo. Ajiye kayan kusa da taga da rana, hasken ya zo daga gefe ko daga bayanka, ka kashe fitilar waya. Bayan kayan ya zama fili, launi ɗaya. Ɗauki aƙalla huɗu: gaba, gefe, kusa-kusa inda ɗinki ko saƙa ko haɗin ya fito, da ɗaya a hannu ko a jiki don a gane girmansa. Kada ka gyara launi har ya sauka daga ainihinsa. Jakar da ta fito ja a hoto ta iso ruwan ƙasa, dawowa za ta yi, da ɓacin rai a kai.

Bidiyo a tsaye ake ɗaukarsa, ma'aunin 9:16, wato 1080 da 1920, don Reels, Stories, TikTok da Status. Hoton da zai zauna a shafi kuwa 4:5 ya fi cika allo, wato 1080 da 1350. Kada ka sa rubutu a can sama ko a kashi ɗaya cikin uku na ƙasan bidiyo, domin sunan shafi da maɓallai za su rufe shi. Daƙiƙa biyu zuwa uku na farko su ne komai: fara da kayan a hannu ana amfani da shi, tambari da gaisuwa su biyo baya. Daƙiƙa 15 zuwa 30 sun wadatar. Sa rubutu a kan bidiyon, saboda da yawa suna kallo ne sauti a kashe. Idan za ka tura wa wani bidiyon ya ɗora maka, tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba WhatsApp zai matse shi ya dushe.

Hoton wani da aka kwafo daga intanet da waƙar da ba ka da izininta duka suna iya sa a cire tallan.

In rubuta farashi a fili, ko in ce a same ni a akwatin saƙo?

A ganinmu ka rubuta. Ɓoye farashi yana ƙara yawan saƙonni, amma yawancinsu "nawa ne?" kawai, kuma mai kuɗi a hannu da ba ya son doguwar magana yakan wuce zuwa wanda ya rubuta nasa. Idan kana biyan talla a kan kowane saƙo, to kana biyan kuɗi ne don amsa tambayar da layi ɗaya zai amsa. Inda ɓoyewa ke da hujja shi ne aikin da sai an auna, kamar ɗinki na musamman ko kafinta. Nan ma ka faɗi daga inda farashin yake farawa.

Game da sauran rubutun, harafi wajen 125 na farko ne suke fitowa kafin a yanke. Ka zuba abu mafi muhimmanci a ciki: mene ne kayan, na wane ne, ina ake kaiwa. "Takalman fata na maza, lamba 40 zuwa 45, ana kaiwa cikin kwana biyu" ya fi "kaya masu inganci a farashi mai rahusa" aiki nesa ba kusa ba, domin na biyun kowa ma haka yake cewa.

Maɓallin Boost da Ads Manager, wanne zan yi amfani da shi?

Boost, wato maɓallin da ake dannawa a biya kuɗi don a ƙara nuna abin da ka ɗora a Facebook ko Instagram, yana da sauƙi, kuma ba laifi ba ne idan ka zaɓi manufar samun saƙonni. Matsalarsa ita ce mutane sukan bar shi a kan neman sharhi da alamar so, sai Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, Instagram da WhatsApp, ta kai tallan ga masu yawan danna so, waɗanda ba lallai su zama masu saye ba. Na'urar tana kawo maka ainihin abin da ka nema, don haka sai ka kula da abin da ka nema. Wani abin lura: tun 2024, a ƙasashe da yawa, wanda ya biya Boost daga cikin manhajar iPhone ana ƙara masa kashi 30 na kuɗin hidimar Apple. Biya ta burauza yana kauce wa wannan.

Ads Manager, wato wurin da Meta ta ware don tsara talla dalla-dalla, yana da hawa uku. A hawa na farko kake zaɓar manufa daga cikin shida, kuma ga mai ciniki ta hira, wadda za ta kai mutane WhatsApp ko Messenger ita ce daidai. A hawa na biyu, wato rukunin talla, kake sa kasafi, wuri da shekaru. Kana iya dasa alama a taswira ka zana da'ira daga kilomita 1 har 80. Kada da'irar ta wuce inda kake iya kai kaya da riba. Kada kuma ka tara sharuɗɗan sha'awa har mutanen su ragu su zama 'yan kaɗan, domin hakan yana tsadar da talla. Wuri, shekaru da jinsi idan kayan na jinsi ɗaya ne, sau da yawa sun isa. A hawa na uku kake sa hoto ko bidiyo da rubutu. Sa biyu ko uku mabambanta a ƙarƙashin rukuni ɗaya, ka bar su su yi takara.

Kafin ka fara, leƙa Ad Library na Meta. Kyauta ne, kuma yana nuna tallan da kowane shafi yake gudanarwa a yanzu. Tallan da ka ga ya yi watanni yana tafiya, akwai alamar yana biyan mai shi.

Nawa ya kamata in kashe?

Amsar tana cikin ribarka, kuma daga baya ake lissafo ta zuwa gaba. Mu ɗauki lambobi tsura, ka sa musu sunan kuɗin da kake ciniki da shi. A ce bayan ka cire kuɗin sari, marufi, aike da cajin banki, ribar kaya ɗaya 1,000 ce. Ka yanke cewa ba za ka ba talla fiye da rabinta ba, wato 500 a kan kowane mai saye. Idan cikin masu turo saƙo biyar ɗaya ne yake saye, to saƙo ɗaya bai kamata ya wuce 100 ba. Ka samu ma'auninka ke nan.

Yanzu a ce ka kashe 6,000 a mako, saƙo 40 suka shigo, mutum 8 suka saya. Kowane mai saye ya ci maka 750, ribarka 8,000, ka cire kuɗin talla saura 2,000. Ba asara, amma da ƙyar. Idan da kuɗin nan da saƙonnin nan 40 ka iya rufe ciniki 12, abin da zai rage maka 6,000 ne. Ribar ta ninka uku ba tare da ka ƙara wa talla ko kaɗan ba. Shi ya sa muke cewa a gyara yadda ake amsa saƙo kafin a ƙara kasafi.

Idan kayanka irin wanda ake dawowa saye ne, kana iya jure kashe ribar cinikin farko gaba ɗaya, muddin kana da rubutaccen shaida cewa mutanen suna dawowa. Kuɗin gwaji kuwa ya zama wanda za ka iya rasawa ba tare da jari ya girgiza ba, a raba shi kwana bakwai. Kada a ci bashi don talla.

Kwana biyu ke nan ban ga komai ba. In canza tallan?

Ka ɗan dakata. Sabon talla yana shiga lokacin koyo, inda na'urar take gwada shi a kan mutane iri-iri don ta gano masu amsawa. Meta ta ce rukunin talla yana buƙatar sakamako wajen 50 cikin kwana bakwai kafin ya daidaita, kuma duk babban gyara, kamar canza hoto, canza mutanen da ake nufa ko ninka kasafi, yana mayar da shi farko. Ƙaramin kasafi ba lallai ya kai 50 ba, kuma tallan zai iya yin aiki duk da haka. Darasin dai shi ne kada ka yayyanka ɗan kuɗinka gida biyar, kuma kada ka riƙa taɓa shi safe da yamma. Ba shi kwana uku zuwa huɗu. Idan yana tafiya daidai kana son ƙari, masu aikin sukan ƙara wajen kashi 20 duk bayan 'yan kwanaki.

Saƙonni suna shigowa, amma da na faɗi farashi sai su yi shiru. Ina matsalar?

Fara da duba agogo. Buɗe hira ashirin na ƙarshe ka ga minti nawa ne tsakanin saƙon mutum da amsarka. Wanda ya danna talla yana cikin jan allo ne, bayan awa guda ya manta da kai, wataƙila ma ya saya a wani wuri. Idan ba ka iya amsawa da dare, tsara tallan ya yi aiki a lokutan da kake kusa da waya, ko ka haɗa wa wani amintacce asusun a na'urarsa, tunda WhatsApp yana karɓar ƙarin na'urori har huɗu.

Sannan duba yadda kake amsawa. An tambaye ka "nawa ne?", ka rubuta lamba tsura, magana ta mutu. Gwada haka: gaisuwa, farashi, abin da ke cikin farashin, hoto na gaske da ka ɗauka yau, sannan tambaya ɗaya mai sauƙin amsawa, kamar "wace lamba kike sawa?" ko "wane gari za a kai?". Tambayar ce take riƙe hirar. Wanda ya yi shiru, ka taɓa shi sau ɗaya washegari cikin ladabi, sau ɗaya kuma bayan kwana uku, daga nan ka ƙyale shi.

Sau da yawa shirun na tsoro ne. Mutum zai tura kuɗi ga wanda bai taɓa gani ba, kuma ya ji labarin waɗanda aka damfara. Abin da ke kwantar masa da hankali: asusun banki mai sunan sana'ar ko sunan da ya dace da na shafin, adireshi a fili, bidiyon fuskarka ko shagonka, sharaɗin canza kaya a rubuce, da shaidar waɗanda suka karɓi kayansu, bayan ka nemi izininsu ka kuma rufe lambobinsu. Idan duk wannan ya cika amma har yanzu shiru, to mai yiwuwa tallan ya nuna kaya kamar mai araha ne alhali ba haka ba, ko yana zuwa wa waɗanda ba su da ƙarfinsa. Rubuta farashin a jikin tallan yakan tace wannan.

Lambobi sun yi yawa a allon sakamako. Wanne zan duba?

Huɗu sun isa, kuma kowanne yana nuna wurin ciwo daban. Idan mutane da yawa sun gani amma masu dannawa kaɗan ne, hoton ko layin farko ne bai kama ba. Idan suna dannawa amma ba sa turo saƙo, duba abin da suke tararwa bayan dannawar. Idan suna turowa ba sa saye, koma tambayar da ta gabata. Na huɗu shi ne yawan maimaici, wato sau nawa mutum ɗaya ya ga tallan. A ƙaramin yanki yana hawa da sauri, kuma idan ka ga ya haura uku ko huɗu, kuɗin kowane saƙo ma yana hawa, lokacin sabon bidiyo ya yi.

Meta ba ta ganin kuɗin da aka tura maka a banki. Kai ne za ka riƙe littafi: kwanan wata, abin da aka kashe, saƙo nawa, ciniki nawa, da amsar "a ina kika ga tallanmu?" daga kowane mai saye.

An ƙi amincewa da tallana. Me na yi?

Ana duba yawancin tallace-tallace cikin awa 24, kuma na'ura ce take fara dubawa, don haka takan yi kuskure. Dalilan da suka fi yawa su ne alƙawarin sakamakon da ba a iya tabbatarwa, musamman a kayan lafiya da gyaran jiki, sai kayan jabu masu ɗauke da tambarin manyan kamfanoni, sai kuma rubutun da ke nuna ka san wani abu na sirri game da mai karatu. "Kana fama da ƙiba?" ko "bashi ya yi maka yawa?" sun saɓa dokar tallan Meta, amma bayanin abin da kayan yake yi bai saɓa ba. Karanta dalilin da aka bayar, ka gyara, ko ka nemi a sake dubawa idan kana da gaskiya. Kada ka maimaita ɗora abin da aka ƙi, kada kuma ka buɗe sabon asusu don kauce wa hukunci. Wannan ne yake mayar da ƙaramin gargaɗi ya zama rufewa ta dindindin. Katin biyan da ake yawan ƙi ma yana sa a dakatar da asusu.

Yaya zan sa shagona ya fito a taswirar Google?

Ta Google Business Profile, kuma kyauta ne. Ka yi rajista da sunan da ke jikin allon shagonka daidai, ka zaɓi rukunin sana'a mafi dacewa, ka dasa alamar a ainihin ƙofarka, sannan ka tabbatar da mallaka ta hanyar da aka ba ka, sau da yawa bidiyon da ke nuna allo, titi da cikin shago. Google ta ce abu uku take dubawa wajen jera sakamakon kusa: dacewa da abin da aka nema, nisa, da shahara. Nisa ba a hannunka yake ba. Sauran biyun kuwa suna ƙaruwa da cikakken bayani, lokutan aiki na gaskiya, sababbin hotuna da ra'ayoyin kwastomomi. Cusa kalmomin bincike a cikin sunan shago da sayen ra'ayoyin ƙarya duka suna jawo dakatarwa. Mai aikin da yake zuwa gidajen mutane yana iya ɓoye adireshinsa ya nuna yankin da yake zagayawa.

Tallan Google na biya fa?

Ya dace da sana'ar da ake nema da gaggawa. A tallan bincike ana cajinka ne idan an danna. Fara da kalmomi kaɗan masu nuna niyyar saye, ka taƙaita wuri, kuma kowane mako ka buɗe rahoton ainihin abin da mutane suka rubuta. Za ka tarar kana biyan masu neman "kyauta", "koyo" ko "aikin yi". Sa waɗannan a jerin kalmomin da aka hana.

In biya mai yawan mabiya ya tallata mini?

Yana aiki idan mabiyansa su ne masu sayenka. Nemi ya turo maka hoton allon bayanan shafinsa: garuruwan mabiyan, shekarunsu, da yawan waɗanda suka kalli abubuwa goma na ƙarshe da ya ɗora. Karanta sharhin da ake masa, ka ga na mutane ne ko alamomi ne zalla. Ku rubuta yarjejeniya ko da a saƙo ne: ranar ɗorawa, kwana nawa zai bari, abin da zai faɗa, da ko kana da izinin amfani da bidiyon a tallanka. Ba shi wata kalma ta musamman da masu saye za su ambata, don ka ƙirga abin da ya kawo. Ya kuma bayyana cewa tallan biya ne, domin dokokin dandalin sun wajabta hakan.

Sai na mallaki shafin yanar gizo?

Ba da farko ba. Lokacinsa yana yi idan oda ta fi ƙarfin amsawa da hannu, ko kana son mutane su biya da kansu cikin dare. Idan ka yi, ya zama mai saurin buɗewa a waya da ƙaramin data, kuma sunan adireshin a yi rajistarsa da sunanka, ba da sunan wanda ya gina maka ba.

Wani ya rubuta mummunan sharhi a kaina. In goge?

Idan ƙorafi ne na gaskiya, bar shi ka amsa a fili, gajere, ba zafi: ka ji, ga abin da za ka yi, ga inda zai same ka. Masu karantawa sun fi lura da amsarka fiye da ƙorafin kansa. Zagi da batsa kuwa ka ɓoye su ko ka kai ƙara.

Zan ɗauki wani ya riƙa kula mini da shafi. Yaya zan kare kaina?

Kada ka ba shi kalmar sirrinka. Shafin da asusun talla su kasance da sunanka, ka ƙara shi ta Meta Business Suite, manhajar Meta ta kula da shafukan sana'a, da iyakantaccen izini, cikakken iko ya zauna a hannunka. Kuɗin talla ya fita daga katinka kai tsaye zuwa Meta ko Google, ladan aikinsa daban, don ka ga ainihin abin da aka kashe. Sa wa asusun iyakar kashewa. Wanda ya yi maka alƙawarin adadin ciniki tabbas kafin ya ga kayanka da lissafinka, ka yi hattara da shi.

Kunna tabbatarwa mai mataki biyu a Facebook, Instagram, WhatsApp da imel ɗin da aka buɗe su da shi, ka rubuta lambobin ko-ta-kwana a takarda ka adana. Da zarar ka fara talla za ka fara samun saƙonni masu tambarin Meta suna cewa za a rufe shafinka cikin awa 24 idan ba ka danna wani mahaɗi ba. Na 'yan damfara ne. Idan da matsala ta gaske, za ka gan ta a cikin saitin asusunka idan ka shiga da kanka. Lamba shidan da WhatsApp ke turowa ta saƙon waya kuwa ba a ba kowa ita, ko da mai neman ya zo da sunan kwastoma ko ma'aikacin kamfani. Ranar da kuka rabu da mai kula da shafin, ka cire izininsa a ranar, ka duba jerin na'urorin da ke haɗe da asusunka ka fitar da duk wadda ba ka gane ba.